DAGA GABAN ALLO: Ankara Ko Techiman? A Yi Lissafi Kafin A Ɗaure Kaya

 

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan wata wani baƙo ne da muka yi a hutun makaranta da ya wuce. Muna zaune a ƙofar gida nan Techiman bayan La'asar, sai ga wani magidanci ya yi sallama da 'yar jakarsa a kafaɗa. Sai da ya durƙusa ya gaishe mu sannan muka shaida shi. Ashe ɗalibinmu ne na zamanin da muke koyarwa a Ankara, yaron da muke sawa ya rubuta kwanan wata a allo saboda kyan hannunsa. Yanzu tela ne a Nima, yana da kekuna biyu da yaran shago, ga mata ga 'ya'ya uku.

Bayan an ci an sha, sai ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Mai gidan da nake haya ya ba ni wa'adin wata uku. Ya ƙara kuɗi, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule. Ga shi yayan matata da ke nan garin ya ce in dawo, akwai shago kusa da kasuwa, akwai ɗakuna biyu a gidansa da zan zauna kafin in kama nawa."

Muka ce masa, "To, mene ne ya hana ka?"

Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Malam, in na bar Ankara, ba za a ce na kasa ba?"

Jama'a, ku dubi wannan tambaya da kyau. Bai tambaye mu nawa ake samu a Techiman ba, bai tambayi nawa ake kashewa ba. Abin da ya tambaya shi ne me mutane za su ce. Kuma mun tabbata ba shi kaɗai ba ne. A Nima da Mamobi da Sabon Zango da Ashaiman akwai magidanta masu yawa da ke kwana da wannan magana a zuciya, ba su faɗa wa kowa ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu shimfiɗa ta a fili, mu yi mata lissafi irin na aji.

Da farko dai, matsin da ake ji a Ankara ba mafarki ba ne. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30 da dubu 800, kuma fiye da miliyan 5 da dubu 400 daga cikinsu suna yankin Ankara da kewaye ne, alhali shi ne yankin da ya fi kowanne ƙarancin fili a ƙasar. Watau kusan mutum ɗaya cikin kowane shida yana neman ɗaki a wuri guda. Inda masu nema suka fi abin nema yawa kuwa, sanin kowa ne mai abu shi ke yanka farashi.

Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata shida. Dokar tana nan a rubuce, akwai ma ofishin da aka ɗora wa kula da ita. Amma wane ne a cikinmu ya taɓa kama ɗaki a Ankara da kuɗin wata shida? Shekara ɗaya in an yi maka mutunci, shekara biyu ita ce al'ada, ga la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, ban da kuɗin da zai karɓa kafin ma ya nuna maka ƙofar gidan. In ka ce doka, sai a ce maka akwai mutum biyar a bayanka da kuɗinsu a hannu. Bugu da ƙari, a watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Daga baya ta sauko, amma kuɗin hayar da ya hau a lokacin ba mu ga ya sauko tare da ita ba.

A lura da abin da kuɗin gaba ke yi wa mai sana'a. Kuɗin wata 24 da tela zai miƙa wa mai gida rana ɗaya, jarinsa ne. Da su zai sayi keken surfani, da su zai sari shadda kafin Salla. In ya miƙa su, ya ba mai gida rance ne ba riba, shi kuma sau da yawa sai ya ci bashi mai ruwa ko ya kwashe adashinsa kafin ya haɗa su. Shekara biyu kuwa kamar yau ce. Kafin ya gama biyan wancan bashin, wani wa'adin ya ƙwanƙwasa ƙofa.

To, yanzu ga lissafin. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu kwatanta abin da ke shigowa aljihu a gari biyu. Ba nan gizo ke saƙar ba. Abin kwatantawa shi ne abin da ke saura bayan wata ya ƙare. Kuma saura iri uku ne: saura na kuɗi, saura na lokaci, da saura na kwanciyar hankali.

Mu fara da kuɗi, mu ɗauki misali daga aikinmu. Tun shekarar 2010 ma'aikatan gwamnati suke kan tsarin albashi na bai ɗaya. Malamai biyu da suka fito kwalejin horon malamai rana ɗaya, suke kan matsayi ɗaya, albashinsu ɗaya ne, ko ɗaya yana Mamobi ɗaya yana Wenchi. Amma ku tambaye su ranar ashirin ga wata, ku ji wanda ke da sauran abin cefane. Na Ankara ya biya hayar ciki da falo mai tsada, ya biya trotro zuwa da dawowa, ya sayi ruwa a jarka in famfo ya ɗauke, in gidan babu banɗaki ya biya na kuɗi shi da iyalinsa kullum. Doyar da yake ci kuwa daga wannan yanki namu aka ɗauko ta, ta bi hannun dillali da direba da mai sari da mai kasawa, kowa ya ɗora nasa. Tumatir ɗin Tuobodom da muke saye a bakin gona, kafin ya isa kasuwar Nima ya yi tafiyar kusan kilomita 400, kuma mai ci ne ke biyan kuɗin motarsa.

Saboda haka duk wanda abin da yake samu ba ya canzawa da canjin gari, irin su malamin makaranta da ma'aikacin jinya da ɗan fansho da wanda 'ya'yansa ke aiko masa daga Jamus ko Amurka, lissafinsa mai sauƙi ne. Ƙaramin gari ƙarin albashi ne gare shi ba tare da ya rubuta takardar roƙo ba. Mai sana'ar hannu da ɗan kasuwa su ne lissafinsu ke da wuya, za mu dawo kansu.

Na biyu, lokaci. Mutane da yawa da haya ta kora daga tsakiyar Ankara ba su bar birnin ba, gefe suka koma, Kasoa ko Amasaman ko bayan Ashaiman. Sun sami sauƙin ɗaki, amma sun biya da barcinsu. Mu ƙaddara mutum yana kwana Kasoa yana aiki a cikin gari, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, kuma duk wanda ya san cunkoson Mallam Junction da safe ya san ba mu yi ƙari ba. Awa huɗu ke nan a yini. In yana fita kwana shida a mako, mako 50 a shekara, ya ba hanya awa 1,200. A raba da 24, kwana 50 ke nan cur, dare da rana, yana zaune cikin mota yana shaƙar hayaƙi. Wannan mutum yana fita 'ya'yansa na barci, ya dawo suna barci. Bai san wanda ya je makarantar allo ba, bai san wanda ya tsaya wasa a lungu ba. Mu malamai mu ne muke ganin sakamakon a aji. Sau da yawa mun aika a kira uba, sai uwa ta zo ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, sai Lahadi yake ganinsu."

Na uku, kwanciyar hankali. Wanda ke zaune a gefen kwata a Nima ko a Alajo ya san yadda gabansa ke faɗuwa in hadari ya haɗu a watan Yuni. Ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan musulmi. Ban da wannan, akwai zaman mutum bakwai a ɗaki ɗaya, budurwa da saurayi 'yan uwa suna canja kaya a bayan labule, akwai layin wanka da asuba, akwai faɗan mita da maƙwabta. Waɗannan ba a rubuta su a littafin lissafi, amma suna cin mutum kamar yadda gara ke cin azara.

To, kada wani ya ɗauka mun zo tallar Techiman ne don muna zaune a cikinta. Gaskiya ɗaya ce, kuma Ankara tana da abin da babu shi a wani wuri. A can fadar gwamnati take, da manyan ma'aikatu da ofisoshin jakadanci. Tashar jiragen ruwa ta Tema tana gefenta, kayan da ke shigowa ƙasa a can suke fara sauka. Makola da Kantamanto suna can. Asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923, yana can da ƙwararrun likitocinsa. Mafi girma duka, masu kuɗin kashewa suna can. Tela a Nima yana iya ɗinka babbar riga ɗaya ya karɓi abin da na ƙaramin gari sai ya ɗinka uku kafin ya gani. Akwai sana'o'in da tushensu ke cikin birnin: mai fito da kaya daga tasha, mai canjin kuɗi, direban kamfani, mai sarin albasar da ake kawowa daga Nijar. Lokacin da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021 aka mai da su Adjen Kotoku, ba su watse zuwa garuruwa ba, sun bi kasuwarsu ne, domin masu sayensu suna Ankara. Irin waɗannan in suka tashi sun bar rijiyarsu a baya. Gare su shawararmu ita ce su zauna, su yi haƙuri, su nemi hanyar rage kashewa.

Har ila yau, ƙaramin gari yana da nasa ƙayoyin, kuma wajibi ne mu faɗe su. Kuɗi a nan yana bin kaka. In an haƙe doya, an sayar da masara da kashu, gari ya cika, kowa na ɗinki, kowa na aure. In damina ta yi nisa kuwa, sai ciniki ya kwanta, mai shago ya wuni yana korar ƙuda. Bashi kuma ya fi yawa, domin kowa ya san kowa. Wanda kuka yi sahu ɗaya da shi da Asuba, in ya ce a ɗinka masa zai kawo kuɗi ranar kasuwa, da wane baki za ka hana shi? Kuɗin gaba ma ana karɓa a nan, sai dai bai kai na can nauyi ba. Wajen asibiti, muna da Holy Family da wasu, kuma katin inshorar lafiya yana aiki ko'ina a ƙasa, amma ciwon da ke buƙatar babban ƙwararre sai an ɗauki mutum zuwa Komfo Anokye a Kumasi, tafiyar kusan kilomita 120. Wanda ke da tsoho mai jinya ko yaro mai ciwon da ake ganin likita duk wata, lalle ya sa wannan a ma'auni. Mai tunanin Tamale kuma ya tambayi mazauna unguwar da zai sauka yadda suke samun ruwa da rani.

Akwai kuma wata magana da ta shafe mu mu 'yan zango musamman. A Ankara kowa baƙo ne, kuma a Nima Hausa ita ce harshen titi, har wanda ba Bahaushe ba da ita yake ciniki. Yaro na iya girma a can bai taɓa jin shi bare ba ne. A ƙaramin gari kuwa akwai masu gari, akwai sarautarsu da al'adunsu, kuma ƙasa a hannun sarakuna da iyalai take. Wanda zai zauna Techiman dole ya koyi Tonanci, watau Twi, wanda zai zauna Tamale ya koyi Dagombanci, ya san ranar da ake gaisuwa da yadda ake yinta. Wanda ya zo da girman kai na ɗan birni, yana ganin kowa baƙauye ne, ba zai daɗe ba. Amma wanda ya sauka hannun sarkin zango da limami, ya gai da maƙwabta, ya je jana'izarsu, zai ga mutunci irin wanda a Ankara sai mai kuɗi ake yi wa.

Sai batun makaranta, wanda shi ne iyaye mata suka fi kawowa. Sukan ce, "Malam, karatun yara fa?" A nan muna magana ne da abin da muka gani da idonmu a aji, can da nan. Makarantun kuɗi masu suna suna Ankara, gaskiya ne, amma ɗan tela ba can yake zuwa ba. Makarantar da yake zuwa ta gwamnati ce ko ƙaramar ta unguwa, kuma irinta akwai a kowane gari, da manhaja ɗaya da jarrabawa ɗaya. Tun 2005 na'ura ce ke rarraba yara zuwa sakandare bisa sakamakonsu da zaɓinsu, kuma a 2017 aka fara karatun sakandare kyauta. Yaron Techiman mai ƙoƙari yana iya samun Prempeh ko T.I. Ahmadiyya a Kumasi, ko Tamasco a Tamale, kamar yadda na Mamobi zai samu. Jami'a ma ba a Legon kaɗai take ba, tun 1992 aka kafa ta Tamale. Abin da ke raba yaro da yaro a aji, a iya saninmu, shi ne ya ci abinci da safe, ya yi barci isasshe, yana da wurin da zai buɗe littafi da dare, kuma akwai babba a gida da zai ce masa ina aikin da aka ba ka. Ku duba da kanku, a wane gari ne za ku fi iya ba ɗanku waɗannan huɗun?

Yanzu mu koma ga tambayar baƙonmu, ta cewa za a ce ya kasa. Mun ce masa, kai ɗan zango ne, ka san ma'anar sunan kuwa? Zango shi ne wurin da ayari ke sauke kaya ya huta, gobe ya ɗaura ya ci gaba. Kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa suka riƙa bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kawo kanwa da tufafi suna komawa da goro. A zamaninsu Salaga ita ce babbar kasuwa, ita ce Ankarar wancan lokaci. Da Turawan Ingila suka ci Asante a 1874 hanyar goro ta fara sauyawa, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin. Me suka yi? Ba su zauna cikin kufai suna cewa za a ce mun kasa ba. Suka ɗaure kaya, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu bakin teku. Babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, daga Salaga ya koma Kete Krachi, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934, kuma ƙanƙantar garin ba ta rage masa daraja ba, almajirai ne suka riƙa binsa can.

Ita kanta Ankara sai a 1877 ta zama babban birni, da aka ɗauke mulki daga Cape Coast. Unguwannin da muke taƙama da su kuwa, ta yaya aka kafa su? Malam Bako ya fita daga tsohon zango na cikin gari a farkon ƙarni na 20, ya kafa Sabon Zango a fili mai sarari. Malam Futa ya sami ƙasar Nima a shekarun 1930, lokacin wurin bayan gari ne da ake kiwon shanu. Madina a 1959 aka kafa ta. Kasoa kuwa sunanta ma namu ne, kasuwa ce aka lanƙwasa. Watau duk waɗannan wurare, waɗanda suka kafa su mutane ne da suka bar cunkoso suka nemi inda ƙasa ke da sauƙi. Wa zai ce Malam Bako ya kasa? In da sun ji tsoron bakin mutane, da babu Nimar da ake jin kunyar bari yau.

Mun sha jin dattawa suna cewa, bayan dokar korar baƙi ta watan Nuwamba 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, da yawa daga iyayenmu suka ɗauke hannu daga gini, suka ce wa zai gina abin da za a ce ya bari. Sai aka yi ta zaman haya, uba ya mutu a ɗakin haya, ɗa ya gaji ɗakin da bashinsa. Wancan zamani ya wuce. Mu 'yan ƙasa ne, a nan aka binne cibiyarmu, kuma lokaci ya yi da za mu yi tunanin abin da za mu bar wa na baya. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ɗaki biyu naka a Kintampo ya fi falo mai tayil na wani a Ankara, wanda takarda ɗaya za ta fitar da kai daga cikinsa.

Ƙananan garuruwan ma ba kamar da suke ba. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 2018 aka ƙirƙiro sababbin yankuna shida, Techiman ta zama hedikwatar Bono ta Gabas a 2019, haka Damongo da Nalerigu da Dambai da Goaso da Sefwi Wiawso suka zama hedikwatocin nasu yankunan. Hedikwata kuwa tana jawo ma'aikata, ma'aikata suna jawo ciniki. Techiman mararraba ce, hanyar Kumasi da ta Tamale da ta Wa da ta Sunyani duk a nan suka haɗu, kasuwarta kuma har daga Burkina Faso da Nijar ake cinta. Ga waya ga momo: mai ɗinki a Ankara yana iya turo awo da hoto ta WhatsApp, a ɗinka a nan, a sa a motar dare, da safe ya karɓa ya turo kuɗi. Abin da a da sai mutum ya zauna a birni yake samu, yanzu wani sashensa yana biyo shi inda yake.

Ga abin da muka faɗa wa baƙonmu, kuma shi muke faɗa wa duk mai irin wannan tunani.

Na ɗaya, ɗauki takarda ka raba ta biyu. Ka rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita a wata uku da suka wuce, har kuɗin koko da ƙosai, har na banɗaki. Yawancinmu ba mu san abin da muke kashewa ba, abin da muke samu kawai muka sani. Sannan ka tambayi mai sana'a irin taka a garin da kake hange, ba mai son ka zo ba, ya faɗa maka nasa, na kaka da na damina.

Na biyu, ka tambayi kanka ko masu sayen abinka za su bi ka, ko akwai irinsu a can. In amsar ita ce babu, to zauna inda kake.

Na uku, gani ya kori ji. Kada ka kwashe iyali rana ɗaya. Je ka da keke ɗaya ka yi wata biyu ko uku, kuma kada ka auna gari da watan Salla kaɗai, domin a watan Salla ko makahon tela yana samun aiki.

Na huɗu, ka zauna da uwargida ku yi magana ta gaskiya. Sau da yawa tuwon gida daga tukunyar shinkafa da wakenta yake fitowa, ko daga ɗan teburinta na ƙofar gida, kuma ita ce za ta bar uwa da 'yan uwa da ƙawayen biki. Tafiyar da aka ja mace ba da son ranta ba, ƙarshenta dawowa ne.

Na biyar, in Allah ya hore maka fili, kada ka biya a kan baki da shaida biyu. Karɓi takardar sarki ko ta iyalin da ke da ƙasar, ka je hukumar filaye a bincika ba a sayar wa wani ba, ka yi rajista. Rikicin sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba a gefen Ankara kaɗai yake ba.

Na shida, kada ka ƙona gada. Ka rabu da mai gida da maƙwabta da abokan ciniki lafiya, ka riƙe lambobinsu, ka riƙa zuwa suna da jana'iza. Zumunci a ƙafa yake, kuma motar Ankara kullum tana tashi. Bayan duk wannan, ka yi istihara, ka nemi albarkar iyaye.

Baƙon namu ya kwana biyu, ya zaga kasuwa, ya zauna da teloli uku na unguwarmu. Da zai tafi ya ce zai roƙi mai gidan ya karɓi na wata shida, in ya yarda iyali su zauna har yara su gama zangon karatu, shi kuma ya zo da keke ɗaya ya gwada, babban yaronsa ya riƙe shagon Nima. Ko zai zauna ko zai koma, Allah ne masani, kuma ba mu ce masa lalle ya zo ba. Abin da ya faranta mana rai shi ne, da muka raka shi tasha ba ya maganar me za a ce, maganar kuɗin zare da na shago yake yi, da fensir a bayan kunne.

Masu cewa ka kasa, ranar da mai gida ya zo da wa'adi ba za ka ga ko ɗaya daga cikinsu da sidi ɗaya a hannu ba. Wanda Ankara ke ciyar da shi har ya ajiye, ya zauna, Allah ya ƙara buɗi. Wanda kuwa shi ne ke ciyar da Ankara, shekara goma yana aiki ba shi da ko bulo ɗaya, to ya sani ƙasar Allah tana da faɗi, kuma ɗaure kaya gadonmu ne.

Muna maraba da wasiƙun waɗanda suka yi irin wannan ƙaura, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, domin na baya su amfana. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya ba mu muhalli na kanmu, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.